Matar da Ke Aron Wuta

Akwai wata mace mai suna Damaris, wadda ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin mijinta ba. Tana budurwa, ta je ɗibar wuta gidan wata tsohuwa da kasko a hannu, sai ta tarar da ɗan tsohuwar, Filibus, yana faskare. Ya dube ta ya ce, “Wutar kaɗai kika zo ɗiba, ko har da gaisuwa?” Kunya ta sa ta zubar da garwashin, dole ta dawo ɗibar wani.

Da suka yi aure, suka kafa gida a gona, ƙetaren rafi. Kowace safiya Damaris takan haye zuwa wurin surukarta ta ɗebo wuta, gama tata takan mutu kafin gari ya waye. Tsohuwar ta sha ce mata, “’Yata, zauna in nuna miki yadda ake kwantar da wuta.” Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, “Ai kina nan, Inna. Taki ta fi daɗin tuwo.”

Ana nan, a tsakiyar damina, aka kwana ana ruwa, rafi ya cika ya batse. Filibus ya tashi da zazzaɓi, haƙoransa na kaɗawa, yana roƙon ko ruwan zafi. Damaris ta tona murhu, toka sanyi ƙalau. Ta tsaya a bakin rafi tana hangen hayaƙin gidan Inna, ga shi kusa, amma ba hanya.

Sai da yamma ruwan ya ja. Ta kutsa, ruwa har ƙugu, ta isa tana haki.

Tsohuwar ta ce, “Miƙo kaskon.”

Ta ce, “Zan miƙo, Inna, amma yau sai kin koya mini.”

Tsohuwar ta ce, “Ashe rafi ya fi ni iya wa’azi!” Ta ba ta guntun itacen ƙirya, ta nuna mata yadda za ta bar shi ya kama sosai, ta binne shi cikin toka, ta bar masa ’yar kafar shan iska.

A ranar Filibus ya sha kunu mai zafi, ya yi gumi. Da asuba Damaris ta durƙusa gaban murhu, ta yaye tokar da tsinke. Sai ga garwashi ja wur! Ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Filibus ya leƙo a lulluɓe da bargo ya ce, “Lafiya? Haihuwa aka yi?” Ta ce, “Wuta ce! Ta kwana a gidanmu!”

Ma’anar wannan misali ita ce: wutar nan Maganar Allah ce. Da yawa cikinmu masu aro ne. Mukan zo sujada ran Lahadi da kaskonmu, fasto ya zuba mana, kafin Talata ta mutu. Aron ba laifi ba ne, amma akwai ranar da rafi ke cika: ranar ciwo, ranar makoki, ranar da ɗanka zai yi maka tambaya, ba fasto kusa. Domin wannan aka buɗe ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na manya. Ba jarrabawa, ba a yi wa kowa dariya. Mai furfura ya zo, mai goyo ta zo, wanda bai iya haɗa baƙi ba ya zo ya zauna kusa da wanda ya iya. A can ake tambaya, a can ake koyon ajiye aya a zuciya ta kwana da ranta.

’Yan’uwa, murna ce ke jiranmu! Bari mu faɗa da bakinmu abin da Damaris ta ƙara faɗa wa mijinta a gaban murhu: “Muddin ina numfashi, ba za ka sāke neman ɗumi a gidan nan ka rasa ba.”