Ƙusoshin Tagulla a Akwatin Gaban Mota

Wata biyar ke nan babu maigidana Habila a gidanmu, babu shi kuma a gaban wannan aji. Ni ban yi nisa a karatu ba, amma shekara ashirin da shida ina kai masa abinci gareji, idona ya ga abubuwa. Ga ɗaya daga ciki.

Akwai wani mutum mai baƙar mota, mai fulogi takwas. Shekara uku yana ƙawata ta domin gasar gudu da masu motoci suke yi a wani tsohon filin jirgi a bayan gari. Ya sake fenti, ya sa tayoyi masu faɗi, ya ɗaura salansa mai ruri. Daga ƙarshe ya kai ta wurin wani tsohon bakanike a ƙara wa injin ƙarfi.

Da bakaniken ya gama, sai ya ɗaga murfin kan injin ya kira shi. A ciki akwai ƙarafa goma sha shida masu lilo suna buɗe bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, ana ce musu roka. Kowace tana lilo a kan wata gajeriyar ƙusa, kewaye da ƙusar kuwa akwai boris, wato zoben ƙarfe mai ƙananan allurai a ciki.

Ya ce, "Yallaɓai, ƙarfin nan da muka ƙara, a kan waɗannan zai sauka. An yi su ne don mai zuwa kasuwa ya dawo. A cire su a sa masu tagulla, marasa allura."

"Za su ƙara gudu, Baba?"

"Ko kaɗan."

"Wa zai gan su?"

"Daga ni sai Allah."

Mutumin ya yi tsaki, amma ya aika aka kawo masa daga Legas. Suka iso ran Alhamis, gasa kuwa ran Asabar. Bakaniken ya ce aikin kwana biyu ne, gama sai an matse tsofaffin an fitar ɗaya bayan ɗaya, a jiƙa sababbin da mai, a danna su a hankali.

Mutumin ya ce, "Gobe za a wanke ta a goge. Ba ka ce in saya ba? Ai na saya."

"Cewa na yi a sa."

"Baba, kai dai ba a iya maka."

Ya jefa kwalin a akwatin gaban mota ya tafi. Ran Asabar a fili, duk wanda ya leƙo, sai ya buɗe kwalin ya nuna masa, yana cewa, "Tagulla ce zalla, taɓa ka ji nauyi." Mutane suna jinjina kai.

A zagaye na fari ba wanda ya kamo shi. A na biyu, yana tsakiyar fili, sai boris ɗaya ya fashe. Alluran suka zube cikin baƙin mai, man ya kwashe su ya zaga da su ko'ina cikin injin. Motar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta yi shiru. Da igiya aka jawo ta gareji.

Bakaniken ya kwance kaskon mai, yana tsintar allurai da maganaɗisu. Mutumin ya miƙo masa kwalin.

"To, Baba, na yarda. Sa su."

Tsohon ya dube shi ya ce, "In sa su a ina? Ai ba sauran inji."

Ma'anar wannan misali ita ce, motar rayuwarka ce. Ƙarfin da aka ƙara shi ne abin da kake roƙo Allah yana ba ka: aure, 'ya'ya, muƙami a wurin aiki ko a ikilisiya. Duk nauyinsu yana sauka a wurin da ba mai gani, a kan addu'arka kai kaɗai, da gaskiyarka, da haƙurinka a cikin gida.

Abin da ke ba ni haushi, mutumin nan bai ƙi gaskiya ba. Ya ji, ya saya, har yana nuna wa jama'a. Haka muke. Muna da Littafi Mai Tsarki mai zif, muna rungume shi zuwa sujada, mu mai da shi kan kabad sai wata Lahadi. Wata a nan ta san ƙanwar da ya kamata ta je ta nemi gafararta tun bara. Ta yarda, ta gaya wa zumuntar mata za ta je, an yaba mata, har yau ba ta taka ƙofar gidan ba. Kwana biyun ne ba ma so mu bayar, a buɗe mu a cire tsohon hali. Sai abu ya lalace mu zo da gudu da kwali a hannu.

Ku sunkuyar da kai mu yi addu'a tare.

Ya Ubangiji, mun gaji da yawo da maganarka ba mu bar ta ta shiga ba. Ka tsai da mu, ko ba mu so. Ka buɗe inda muke rufewa, ka gyara tun da sauran abin gyarawa. A cikin sunan Yesu. Amin.