Giɓin Sarkin Haƙori

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in dai ba cizo take ba.

Akwai wani Kurege da ake wa kirari da Sarkin Haƙori. Haƙoransa farare tas, in ya yi murmushi sai tsuntsaye su ɗauka gari ya waye. Saboda sarautar, kowace gona tana ba shi kwandon gyaɗa. Sharaɗi ɗaya ne: duk kaka Alƙali Ƙadangare zai leƙa bakinsa, in ya ga aibu a tuɓe shi.

To, Kurege da kwaɗayi. Ya naɗa kansa mai ɗanɗanon kasuwa. Ya je wajen Bushiya mai zoɓo, ya ce a ƙara sukari, ya kurɓa. Ya je wajen mai kunun tsamiya, ya kurɓa. Ya je wajen mai shayi da mai lemon kwalba, ya kurɓa. Kuma ba ya haɗiyewa da wuri, sai ya jiƙa haƙora a ciki, wai harshe na shari'a. Matarsa ta miƙa masa asuwaki, ta ce ko kurkure baki ya riƙa yi. Ya ce ina aka taɓa wanke farin wata?

Yau kurɓa, gobe kurɓa. Haƙora suka yi ja, suka mutu, suka fara rami. Ana jibi dubawa ya ciji gyaɗa guda, na gaba ya faɗo a tafin hannunsa.

Matar ta ce, "Maigida, farin wata ya yi giɓi."

Ranar dubawa ya fito da rawani, ya ja amawali ya rufe baki, yana taku ɗai-ɗai. Ƙadangare ya ce a buɗe. Kurege ya yi magana ta cikin ƙyalle, ya ce wani sabon haƙori ne ke tafe, wanda ya fi na giwa, shi ya sa tsohon ya ba shi wuri.

"Allah ya gafarta Malam, ko yaro ya sani, in ƙadangare ya ga giɓi haƙori ba ya fitowa. In ka leƙa, kai ka ja wa gari asara."

Ƙadangare ya tsorata, ya runtse ido, ya ce to da me zai duba? Kurege ya ce da kunne. Ya sa ƙwallon goruba cikin babbar riga, ya sunkuya, ya ƙwala masa dutse. Ƙas! Alƙali ya gyaɗa kai, wai haƙori ne ya fasa. Aka yi guɗa, sarauta ta zauna.

Sai ga Bushiya da tukuici, ƙwaryar zoɓo har da ƙanƙara. Matar Kurege ta taka masa wutsiya don kada ya sha. Ina! Ya ɗaga amawali ya kurɓa. Sanyi ya shiga rami ya taɓo jijiya. Kurege ya yi tsalle ya wage baki yana ihu, Ƙadangare ya buɗe ido a firgice. Ga baki ja wur, ga giɓi kamar ƙofar gari.

Kurege ya share hawaye, ya gyara rawani.

"Jama'a, ku shaida, ya gani. Haƙorin da gari ke jira, Alƙali ya kashe shi."

Aka tambayi Ƙadangare ko ya gani. Bawan Allah ba ya ƙarya, ya gyaɗa kai. Dattawa suka yanke cewa sarauta na nan, kuma tunda Sarki ba ya iya tauna, Alƙali ne zai riƙa daka masa gyaɗar. Har yau in kun ga ƙadangare a kan katanga yana sama yana ƙasa, dakan ne bai sake shi ba. Kurege kuwa yana zaune yana lasar tunkuza, yana gaya wa baƙi irin girman haƙorin da aka hana shi.

Ƙurunƙus kan ɓera mai giɓi. Wanda zai sha zaƙi bai kurkure ba, ya fara neman ƙadangaren da zai ɗora wa.