Zanen da Hogla ta Shimfiɗa a Ƙofar Gari

A cikinmu maza akwai wanda in ya gaji da mace sai ya ƙaga mata sharri. Ba zan kama suna ba, mun san kanmu.

A Isra'ila ta da, iyayen amarya ke ajiye zanen daren farko, shaidar budurcinta. Attajiri Gaddiyel ya gaji da amaryarsa Tirza. Ya sa aka sace zanen, ya kai ƙara wurin dattawa a ƙofar gari, wai bai same ta budurwa ba.

Babban dattijo ya ce wa Hogla, uwar Tirza, "Kawo zanen, ko a jefe 'yarki."

Hogla ta koma gida ta yanka tantabara, ta ɗiga jinin a tsakiyar wani zane, ta zo ta shimfiɗa.

"Ga shi, ranka ya daɗe."

Gaddiyel ya zabura. "Ƙarya take! Wancan a gefe jinin yake, ba a tsakiya ba."

Hogla ta ce, "Jinin me, surukina?"

Aka tsala masa bulala, aka haramta masa sakin Tirza har mutuwa.

Haka muke, bakinmu na gudu, hankalinmu na ɗingishi a baya. Namijin da hakan bai taɓa faruwa da shi ba, ya tashi ya ƙaryata ni.