Kututture Uku a Gonar Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ku ce ta zo mu ji ta mana. Kai Nomau, maigidana, ba ka ba ni kuɗin cefane ba, amsa ma sai na roƙa? Yauwa. To ku matso, Tabawa ki bar tsokanar wutar nan.

Wannan a kaina ta faru, shekarar da kakanku Jatau masassaƙi ya rasu. Ya bar mini rumfarsa da kayan aikinsa, da wata gona a bayan gari. Shekarun jinyarsa ba a noma ta ba, duk ta koma daji.

Ina fita takaba sai Mai Unguwa Tunau ya aiko kirana. Ya ce, "Delu, ƙasa ba ta zama haka nan. In ruwan farko ya sauka ba ki share gonar nan ba, zan ba wani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan share."

Ya ce, "Har kututturan. Mijinki mutumin kirki ne, amma ban taɓa ganin gona mai kututture kamar tasa ba."

Sai na ɗauki gatarin Jatau da adda, na tafi. Na sare sabara, na tara ƙaya, na ƙone. Sai na iso wani kututturen ƙirya, tsayinsa daidai gwiwata, ya yi toho ta ko'ina. Na ɗaga gatari.

Sai kututture ya ce, "Sannu da aiki, Delu."

Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa. Na ce, "Wa ya gaya maka sunana?"

Ya ce, "Kullum da hantsi kina dukana. Turminki daga jikina aka fitar."

Na ce, "Ikon Allah! To me ya sa Jatau ya bar ka a tsaye, bai ƙone ka ba?"

Ya ce, "Ni turmi na sani. Tambayi na gaba."

Sai na sauke gatari na wuce. Ina ta sara, ina ta tunani. Sai na iso kututturen danya. Na ɗaga gatari.

Sai ya ce, "Sannu da aiki, Delu. Kin rage gishiri a miya kuwa?"

Na ce, "Kai kuma ina ruwanka da miyata?"

Ya ce, "Akushin da kike zuba wa Jatau tuwo, ai ni ne. Na sha gishirinki har na gaji."

Na yi dariya, rabona da dariya tun kafin rasuwa. Na ce, "To marar kunya, me ya sa ya bar ka?"

Ya ce, "Ni akushi na sani. Tambayi na gaba."

Na wuce. Da na ɗaga kai sai na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ce a raina, kowa da labarinsa, ni kuwa gona za ta tafi. Sai na iso na uku, kututturen marke a bakin iyaka. Ban jira gaisuwa ba. Na kai masa sara da ƙarfina duka. Sai ƙotar gatari ta ce ƙaras, ta rabu biyu.

Marke ya ce, "Kin huce?"

Na ce, "Ban huce ba. Faɗa mini, me ya sa ya bar ku?"

Ya ce, "Don zai dawo. Jatau ba ya sare mu a ƙasa. Yakan bar mana gwiwa, mu toho. Ya zaɓi reshe biyu ko ɗaya ya bari, ya cire sauran. In sun yi kauri ya zo ya yi sallama ya ɗiba. Ƙotar da ta karye a hannunki ma tawa ce."

Na ce, "Yaushe rabonka da shi?"

Marke ya ce, "Zuwan ƙarshe ba shi ya zo ba. Ƙannensa ne suka zo da sassafe, suna sauri, ba mai magana. Suka sari rassana gajeru gajeru. Su aka jera a kabarinsa kafin a zuba ƙasa. Ina can tare da shi, Delu. Ƙasa ba ta taɓa fuskarsa ba."

Sai na zauna a nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Bai hana ni ba.

Da na share ido ya ce, "Ga reshe nan mai kai, busasshe. Ɗauki, ki je rumfa."

Na ce, "Ni mace, ina na iya sassaƙa?"

Ya ce, "Shekara nawa kina kai masa fura kina tsayawa kallo?"

Sai na je rumfa. Gizago na nan inda ya rataye shi. Na fara fiƙe reshe, na cika ci, ya zama siriri kamar muciya. Na koma, marke ya ba ni wani. Na sa tsinin gatari a wuta ya yi ja, na huda kan ƙota, ramin ya karkace. Na sake komawa. Marke ya ce, "Wannan ne na ƙarshe, ni ma ba kasuwa ba ne." Na uku ya zauna daram. Ba kyau, amma ya riƙe.

Da shi na ƙarasa gona. Na share komai, na bar kututturan, kowanne na rage masa toho kamar yadda aka gaya mini.

Ranar da aka yi ruwan farko sai ga Mai Unguwa da mutanensa. Ya duba ya ce, "Delu, ba haka muka yi da ke ba. Ga su nan tsaye."

Na ce, "Suna nan, ranka ya daɗe."

Sai idonsa ya kai kan gatarina. Ya karɓa, ya juya shi, ya ce, "Wa ya yi miki sabuwar ƙota? Tun rasuwar Jatau fartanyata da igiya nake ɗaure ta. Garin nan duk haka muke."

Na ce, "Ni na yi. Wancan marken ya ba ni. In ka ce a ƙone shi, ga kara, ga ashana."

Ya dubi marke, ya dubi mutanensa. Wani tsoho ya yi tari ya ce, "Tawa ma ta karye."

Mai Unguwa ya ce, "Ƙotar dai karkatacciya ce."

Na ce, "Ta fi igiya."

Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce, "Riƙe gonarki da kututturanki. Gobe zan aiko da fartanya."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. In kun tarar da abu a tsaye inda wani ya yi aiki, ku tambayi dalilin da ya sa ya bar shi kafin ku ɗaga gatari. Ku tashi ku kwanta.