Dutsen da Mai Tirela Ya Bari

An yi wani mutum a wani babban birni, bawan Allah, mai facin taya a bakin babban titi, ana ce masa Malam Ilu. Ku saurara da kyau. Kun san halin direbobinmu: mota ta lalace, sai a tokare taya da ƙaton dutse, a gyara, a tashi, a bar dutsen a tsakiyar kwalta. Shi kuwa Ilu duk dutsen da ya gani sai ya kawar, har 'yan tasha suna tsokanarsa wai gwamnati ta ɗauke shi aiki ba albashi.

Wata Juma'a ya sa farar rigarsa, ita kaɗai ce fara gare shi, yana sauri liman ya kusa sauka daga mumbari. A gangaren gada, daidai kwana, sai ga dutse wani mai tirela ya bari, duk baƙin mai. Wani abokin tafiyarsa ya ce su wuce, wani zai ɗauke. Ilu ya shekara ashirin Juma'a ba ta wuce shi ba, jama'a, shekara ashirin! Ya dubi masallaci, ya dubi dutse, ya shiga titi.

Dutsen ya ƙi ɗaukuwa. Yana mirgina shi da ƙirji sai ya ji ƙarar birki, wata bas cike da mutane ta tsaya dab da shi. Kafin ya kai dutsen gefe an sallame. Ya zauna a bakin kwalta, riga ta ɓaci, zuciya ta ɓaci.

Direban bas ɗin ya sauko, ya durƙusa ya ce, “Baba, wallahi ban ga dutsen ba, launinsa ɗaya da kwalta. Farar rigarka na hango. Mutum goma sha takwas na ɗauko.”

Hawaye suka zubo wa Ilu. Ya ce, “Alhamdu lillahi da ya kasance yau Juma'a ce. Ranar aiki baƙar riga nake sawa.” Ya tashi ya yi Azahar raka'a huɗu, yana godiya.

To, 'yan'uwa, kawar da cuta daga hanya ibada ce, ba aikin ma'aikata kaɗai ba. Kai direba, in ka tashi, tafi da dutsenka. Kai mai talla, ja tirenka daga kwalta. Ku kuma da kuka ajiye motoci a kan titi kuka shigo nan, ana idar da salla ku je ku gyara. Allah Ya kai mu gida lafiya.