Manomi da Agogon Wansa

A wani gari an yi wani manomi mai son gyaran agogon hannu. Ba sana'arsa ba ce, ba wanda ya koya masa, abin dai ya shiga ransa ne. Da an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya ɗora farin ƙyalle a kan faifai, ya fito da hantsaki da allura da wata 'yar sukudireba. Nan zai wuni. Tuwo ya huce a gefensa bai sani ba.

Ya iya kuwa, ba ƙarya. Sai dai gyara kaɗai ba ya isarsa. In ka kawo agogo don gilashi ya fashe, zai dawo maka da shi da sabuwar fuska, da hannaye masu haske a duhu, da jan maɗauri. Duk abin da ya cire, sai ya jefa a cikin wani gwangwanin madara da ke gefensa. Samari suna son aikinsa, suna yabonsa, shi ma yana son yabon.

Wata rana matar wansa ta zo. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu shekara biyu ke nan. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani tsohon agogo, irin na dā wanda ake murɗa masa kai kowace safiya. Gilashin ya dushe, maɗaurin ya yi baƙi don gumi.

Ta ce, "Baban Rifkatu, agogon wanka ne. Tun shekaranjiya ya yi shiru. Abin da nake so..."

Ya ce, "Yaya, kin kawo shi inda ya dace. Je ki huta, sai ranar Asabar."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, amma ya riga ya ɓalle bayan agogon, ya sunkuyar da kai. Ta ɗan tsaya, sa'an nan ta tafi.

Mutumin nan ya ce a ransa, agogon wana ne, zan yi masa aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ya cire tsohon injin, ya wargaza shi don ya ga yadda mutanen dā suka haɗa, ya zuba a gwangwani. Ya sa sabon inji mai batir wanda ba ya ƙara ko kaɗan. Ya sa sabon gilashi da sabon maɗauri, ya yar da tsohon. Kwana uku yana gwada shi da rediyo, ko minti ɗaya bai kuskure ba.

Ran Asabar tsohuwa ta dawo. Ya miƙa mata yana murmushi, yana jiran godiya. Ba ta ko kalli fuskar agogon ba. Ta kai shi kunnen dama. Ta mayar kunnen hagu. Ta murɗa kan, ta ji yana juyawa a banza.

Ta ce, "Ai bai tashi ba."

Ya ce, "Haba Yaya, duba mana! Ƙarfe goma da kwata, daidai da rediyo. Kin huta da murɗawa ke nan."

Ta ce, "Ni na ce maka ina neman ƙarfe nawa? Tun da aka haife ni ban iya duba agogo ba, yanzu da furfura zan fara? Wanka shekara arba'in yana murɗa abin nan kowace safiya kafin mu yi addu'a. Da ya tafi, ni na ci gaba. In na murɗa na ji yana cak, cak, cak, sai in ji ba ni kaɗai ba ce a ɗakin. Ƙararsa na kawo maka ka gyara. Ina ka kai ta?"

Mutumin ya dubi gwangwani. Ta ajiye masa agogon a kan faifai, ta gyara ɗankwali, ta tafi.

Ya juye gwangwanin a kan farin ƙyalle. Kayan agogo fiye da talatin ne a gauraye, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Mako uku yana tsince su ɗaya ɗaya da hantsaki, yana gwadawa, yana cirewa. Samari suka yi ta zuwa da nasu, ya ce su yi haƙuri. Tsohon maɗaurin a juji ya samo shi, akuya ta riga ta tauna bakinsa. Wani ɗan ƙarfe mai haƙora kuwa ya ɓace ɗungum, dole ya sa na wani agogon. Agogo ya tashi, amma kullum sai ya makara da minti goma, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa daidaita shi.

Wannan karon shi ya je gidanta da ƙafarsa. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki gafarce ni. Ya tashi, amma na lalata shi. Yana makara minti goma kullum."

Ta murɗa, ta kai kunne tana saurare. Can ta ce, "Wanka ma bai taɓa zuwa sujada a kan lokaci ba. Bar mini shi haka."

To, jikokina, ga abin da misalin nan yake nufi. Manomin nan mu ne, masu hannu da zuciyar taimako. Agogon kuwa nauyin da ɗan'uwa yake kawo mana ne. Mutumin ba mugu ba ne, ku lura. Ƙauna ce ta sa shi aikin, amma bai bari tsohuwa ta gama maganarta ba, sai ya gyara abin da shi yake so a gani.

Haka muke yi. Mu je gaida mara lafiya mu cika shi da wa'azi, shi kuwa so yake a zauna kusa da shi kawai. Mu shiga ɗakin tsohuwa mu share, mu zubar mata da kwano mai tsatsa, ba mu san na uwarta ne ba. Mu fito muna jin mun yi wa Allah aiki. Ubangiji Yesu da kansa, da aka kawo masa makaho, ya ga makantar da idonsa, duk da haka sai da ya tambaye shi bukatarsa tukuna. In shi ya tambaya, kai wane ne da za ka ce ka riga ka sani?

Ku kuma tuna da ɗan ƙarfen nan da ya ɓace. Tsohuwa ta gafarta, amma ƙarfen bai dawo ba. Ba duk abin da ka wargaza a ran mutum ne za ka iya mayarwa yadda yake ba. Saboda haka a makon nan, in wani ya zo maka ya ce, "Abin da nake so...", ka ajiye abin da ke hannunka, ka rufe bakinka, ka bar shi ya kai ƙarshe.