Abin da Aka Ciro daga Cikin Bokolon Ɗanliti

A Boɗinga akwai wani mutum mai suna Ɗanliti, yana da ɗan shago kusa da tasha, yana sayar da ruwan leda da manja da gishiri. Mutum ne mai nema, amma ƙazami ne na ƙin ƙarawa, ga taurin kai. Duk ledar da ta taru a shagonsa, sai ya kwashe ta a baro ya kai bayan gidansa ya juye. Idan juji ya yi tudu sai ya cinna masa wuta, baƙin hayaƙi mai ɗoyi ya turnuƙe unguwa, tsofaffi su yi ta tari.

A gefen wannan jujin Ɗanliti ya kafa turken bijiminsa, wani farin bokolo da ya sayo a Shagari. Ba don sayarwa yake kiwonsa ba. 'Yarsa Na'ima ta kusa sauke Alƙur'ani, shi kuwa ya yi alkawari a gaban malaminta cewa ranar walima sa zai kayar, kowa ya ci ya ƙoshi. Kullum da safe sai ya kwance shi ya bar shi yana kewaya bayan gida, wai ya miƙe ƙafa.

A shekarar ne wata ƙungiyar sa-kai ta fara aiki a garin. Shugabarta Malama Hasiya, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, tana bi gida gida tana raba buhuna. A tara leda a ciki, ran Asabar motarsu ta zo ta kwashe, a kai inda ake sarrafa ta. Da ta iso wurin Ɗanliti ta gaishe shi da ladabi, ta miƙa masa buhu biyu.

Ta ce, "Malam Ɗanliti, hayaƙin ledar nan guba na. Kuma na ga sanka yana lasar ledar manja a juji. Ka ji tsoron Allah ka raba shi da wurin."

Ɗanliti ya yi tsaki ya ce, "Mi kike son koya mani? Tun kakanni dabba ke kiwo a juji. Ku dai an ba ku riguna kuna yawon neman suna."

Ya karɓi buhunan ya zuba dusa a ciki. Kai, wani mutum sai Allah!

Wata uku da yin haka, cikin bijimi ya fara tasowa kamar randa. Ɗanliti ya riƙa kiran mutane su zo su ga ƙiba. Ƙiba ina? Haƙarƙari duk a waje, gashi ya tashi, idanu sun faɗa, ko tuƙa ya daina. Malama Hasiya ta sake tsayawa a ƙofar gidan ta ce masa wannan ba ƙiba ba ce, ya kira malamin dabbobi tun da sauran rana. Ya ce ta tafi da bakinta, kada ta cinye masa dabba. Ya jiƙa kanwa ya ɗura wa bijimi, ya ce magani ke nan.

Ana gobe walima, an riga an kafa rumfa, baƙi daga Dingyaɗi da Dandin Mahe sun fara sauka, sai bijimi ya durƙusa da hantsi yana nishi. Ɗanliti ya hau babur ya ruga kiran Mode mahauci. Kafin su dawo rai ya yi halinsa. Wuƙa ba ta taɓa wuyansa ba, ya zama mushe, ko loma ɗaya ba ta halatta.

Maimakon ya yi shiru ya ji kunya, sai Ɗanliti ya hau sababi. Ya rantse guba aka ba sansa, kuma 'yan ƙungiyar nan ne suka yi don ya ƙi bin su. Ya sa aka kira Malama Hasiya da mai unguwa, ya ce lallai sai an farka cikin a gaban kowa, gaskiya ta fito.

Mode ya toshe hanci da rawani ya tsaga tumbin. Wani wari ya bugi jama'a, har wasu suka juya suna kakarin amai. Babu ciyawa, babu dusa. Mode ya cusa hannu ya jawo wani baƙin dunƙule mai yauƙi, ya ja, ya ja, abu ya ƙi ƙarewa, sai da mutum biyu suka kama masa. Leda ce ta cukuikuye ta daskare, ƙudaje suka yi caa a kanta. Mode ya watsa mata ruwa ya ɓare da wuƙa. Ga ledar ruwa, ga ta gishiri, ga wata mai launin ruwan ɗorawa da Ɗanliti ke ƙulla manja a ciki, wadda duk tashar shi kaɗai ke amfani da irinta.

Mode ya tofar da yawu ya ce, "To ga mai gubar nan mun gani. Wagga leda ta shagon wa ta?"

Kowa ya juya ya dubi Ɗanliti. Malama Hasiya ta ja mayafinta ta tafi.

Washegari Na'ima ta karanta allonta da murya mai daɗi, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Aka raba wa baƙi tuwo da miyar kuka, ko ƙashi babu a ciki. Da taro ya watse ta sami ubanta zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

Ta ce, "Baba, ba naman ke damuna ba. Shekara biyar ina zuwa makaranta, abin da malam ya fara koya muna shi na tsabta. Ga shi jiya a gidanmu anka toshe hanci."

Ɗanliti bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Ran Asabar aka gan shi ya zazzage dusar nan, yana tsaye bakin hanya da buhu biyu cike da leda, yana jiran motar ƙungiya.

Darasi: Ƙazantar da ka zubar a bayan gida ba ta tafi ko'ina ba, tana nan tana jiran ranar da za ta dawo maka ta ƙofar gaba. Ledar da muke yarwa da wadda muke ƙonawa tana shiga cikin dabbobinmu da ƙirjin 'ya'yanmu. Idan masu aikin sa-kai suka zo da shawara, a saurare su tun ba a makara ba, domin wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.